Mijin da Aka Gasa a Tanderu

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba", ga shi nan. Ke kuma da kika rubuto jiya cewa Nagat ba 'yar kirki ba ce tunda ba ta zo jinyar uwarta ba, zauna ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki sake yanke wa wata hukunci.

*

Ana kiran sallar Azahar mai adaidaita ya sauke Nagat a bakin layinsu.

Shekara tara rabonta da ƙauyensu Nazlat Dahi, a kudancin Masar. Jiya da La'asar aka binne mahaifiyarta Wahiba, kuma sai da aka dawo daga maƙabarta sannan aka kira ta a waya. Daga masana'antar ɗinkin da take aiki a birnin Ashir ta wuce tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira, ko ɗakinta ba ta koma ba.

Ba ta kai ƙofar gida ba sanda ta gitta gabanta.

Baffa Hifni ne, yayan marigayi mahaifinta. Gashin bakinsa ya yi fari fat, amma idon nan yana nan yadda ta bar shi.

"Baffa, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri?"

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baffa."

Ya leƙa bayanta har ƙarshen layi.

"Ina shi?"

"Wa?"

"Wa! Ku ji min yarinya. Mijinki mana. Injiniya Rafa'at."

Nagat ta waiga. Ta ɗauka da wata yake.

"Jiya da Magariba," in ji Baffa, yana dukan ƙasa da sanda, "surukan gidan nan kaf sun aiko da tirensu na abinci mandara, zauren makoki. Har mijin 'yar Badriyya mai faci, wanda ko jaki ba shi da shi, ya aiko da agwagwa, ya zo ya tsaya a layi yana karɓar gaisuwa. Mutane na tambayata, Hajji, ina babban surukin naku mai mota? Na ce yana hanya. Ni Hifni, da furfurata, aka sa ni ƙarya a zauren ubana!"

"Baffa, ni fa ban..."

Wani ihu ya tsaga layin.

"Wayyo 'yar'uwata! Wayyo Wahiba, ga Nagat ɗinki ta zo ba ki nan!"

Inna Ni'ima ce, ƙanwar marigayiya. Ta faɗo kan Nagat da dukkan nauyinta, ta rungume ta, tana kuka tana toshe mata baki da gefen mayafi. A kunne ta raɗa mata, murya a bushe:

"Kika ƙara kalma ɗaya sai na mare ki."

Ta ja ta ciki. Muryar Baffa ta biyo su.

"Ki gaya masa gobe ne kwana uku! In rana ta faɗi bai tsaya kusa da ni ba, jibi zan ɗauki iyayen 'yan matan nan uku da ke gidansa mu je Ashir mu kwaso su. Wanda bai san haƙƙin gawar surukarsa ba, ba a bar masa amanar 'ya'yan mutane!"

*

Ba tsakar gida Inna ta kai ta ba, inda mata ke zaune cikin baƙaƙen kaya. Ɗakin tanderu ta tura ta, ta sa sakata.

Tanderun ya yi sanyi. Gidan mutuwa ba ya hura wuta sai an yi uku. A gefe wata mata na zaune kan buhun dusa, ido ya kumbura. Maman Shaima ce, uwar ɗaya daga cikin 'yan matan ƙauyen uku da ke zaune da Nagat a Ashir.

"Inna, waye Rafa'at?"

"Ki sha ruwa tukuna."

"Waye Rafa'at?"

Inna Ni'ima ta zauna a bakin tanderu, ta share hanci.

"Mijinki ne. Shekara tara ba 'yan kwanaki. Dogo, fari, mai gilashi. Kuna da yara biyu, Karim da Salma."

Nagat ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Inna, ni ko zance ba na tsayawa. Ni da keken ɗinki ne tun safe har yamma."

"Mun sani."

"Ku wa?"

"Mu bakwai. Masu gashin gurasa ranar Talata."

Ta buga tafinta a jikin tanderun.

"A nan aka haife shi. Kin tuna ranar da kika tafi?"

Ta tuna. Mahaifinta ya rasu bai bar ɗa namiji ba, gida babu komai sai saniya ɗaya da takardar Nagat ta makarantar koyon sana'a. Baffa ya rantse 'yar gidansu ba za ta yi zaman kanta a birni ba. Mahaifiyarta ce ta raka ta ta cikin gonar rake har bakin titi.

"Kwana shida da tafiyarki," in ji Inna, "Hifni ya sayi tikiti uku, nasa da na 'ya'yansa. Ya ce ko a buhu ne sai ya dawo da ke. Ranar Talata ce, muna nan muna jera gurasa a rana. Sai uwarki ta shigo. Ta ce, ku taimake ni, zan aurar da Nagat kafin gurasar nan ta tashi."

"Innalillahi..."

"Kawunki Sabir na Alƙahira, Allah ya jiƙansa, shi ya kira Hifni ya ce ya ɗaura miki aure da wani injiniya abokinsa. Hifni ya yi kwana uku yana zage-zage don ba a sa shi waliyyi ba. Amma ya mayar da tikitin. Kin zama matar wani, hannunsa ya fita daga kanki."

"Ni na ba shi suna," in ji Maman Shaima a hankali. "Na wani likitan ido ne da ya taɓa duba uwata."

"Badriyya ta saya masa mota," in ji Inna. "Fauƙiyya ta sa masa ciwon sukari da na baya, don kar a ce me ya hana shi zuwa Sallah. Hoton kuwa a shagon mai hoto na garin Sohag muka samo, irin wanda suke liƙawa a gilashi. Fuskar ta yi yarinta, sai na ɗauki kwalli na yi masa gashin baki. Hifni ya kalla ya ce, wannan ɗan manyan mutane ne."

Maman Shaima ta fashe da dariya, dariyar ta juye ta koma kuka.

Nagat ba ta yi ko ɗaya ba.

"Su Shaima sun sani?"

"Da Alƙur'ani uwarki ta rantsar da kowace kafin ta hau mota. Kina tsammani uban Shaima zai bar 'yarsa ta je ɗakin budurwa? Gidan Injiniya aka tura su."

*

Ni dai abin nan yana cin raina, kuma sai na faɗa. A garuruwanmu na kudu mace ce ke noma idan maza sun tafi Kuwait, ita ke jinya, ita ke tashi da marayu. Ta tafi birni ta riƙe gida daga can, kowa ya ci ya sha ya yi hamdala. Amma a ce ita ce inuwar kanta? A'a. Gara hoton shago mai gashin bakin kwalli. Sai mu ce ai haka muka taso muka gani, mu gyara zama.

Nagat ma abin da ya fito daga bakinta ke nan.

"Mata arba'in ne a ƙarƙashina, Inna. Arba'in! Ranar da allura ta huda yatsan Shaima, ni na goya ta zuwa asibiti. Ranar da mai gidan haya ya fara yi wa Marwa kallon banza, ni na tsaya a matakala da almakashi. Ni na tashe su sallar Asuba shekara uku. Ashe duk wannan wani Rafa'at ake gode wa?"

"Ana sa masa albarka a masallaci ma."

"Inna!"

"To ki yi ihu Hifni ya ji. Kin yi makaranta, amma ba ki san garinku ba."

"Na san shi sarai. Garin da uwa take ce wa 'yarta kada ki zo."

Ta kau da kai.

Shekara tara, kowace Sallah sai ta kira ta ce, Umma, zan zo. Amsar ɗaya ce: kada ki zo. Wahiba ce ke zuwa Ashir sau ɗaya a shekara bayan saran rake, da kwandon gurasa da tantabaru, ta yi kwana biyu ta juya. Nagat ta ɗauka kunyarta ake ji. Ta daina tambaya. A waya ta ƙarshe, wata guda da ya wuce, har ta ce mata, Umma, in na zame miki abin kunya ki faɗa min kawai. Sai Wahiba ta ce, kin ci abinci?

"Sati uku tana kwance," in ji Nagat. "Sati uku, Inna, ba wadda ta kira ni. Ko wanka ban yi mata ba."

Inna Ni'ima ta miƙe. Ta janyo wani akwatin ƙarfe daga bayan buhuna, ta ciro mabuɗi daga wuyanta.

"Buɗe."

Riguna ne. Ƙanana, a ninke, an jera su bi da bi. Ta jarirai a ƙasa, mai igiya a wuya. Sai ta ɗan shekara ɗaya, ta ɗan biyu, har jallabiya mai ratsin shuɗi ta yaro ɗan bakwai. A gefe na mace, huɗu, masu fure a ƙirji. Ɗinkin hannu ne, irin ƙananan ɗinkin nan na Wahiba da ta koya wa Nagat tun kafin ta san keke.

"A dakalin ƙofa take ɗinka su, don maza masu wucewa su gani. In za ta je wurinki ta ɗora su a saman kwando, in ta dawo ta ɓoye su a ƙasa."

Nagat ta ɗago ta ƙarshe. Ba a gama ta ba. Hannu ɗaya babu, allurar na soke a wuya.

"Da fari don idon mutane ne," in ji Inna. "Daga baya ban sani ba. Bara na shigo na same ta ita kaɗai, ta shimfiɗa wannan mai ratsin a cinyarta tana cewa, Karim, ka yi tsawo, ka kusa kamo uwarka."

Nagat ta rungume rigar.

"Da ciwon ya yi tsanani na ɗauki waya. Ta riƙe min hannu. Ta ce, Ni'ima, na san abin da na haifa. Nagat ba ta iya haɗiye magana. In ta zo Hifni zai tambaye ta, za ta faɗa, su rufe ta a ɗakin nan. Na ce yarinyar nan fa tana ganin kin tsane ta. Ta ce, bar ta. Ta ji haushina tana can ya fi ta so ni tana nan."

Kukan da Nagat ba ta yi a jirgi ba, ba ta yi a bakin layi ba, shi ya zo yanzu. Ta kifa fuskarta a cikin rigunan yaran da ba a taɓa haifa ba, tana kiran Umma, Umma. Ƙanshin sabulun uwarta na jiki.

Ba wadda ta ce ta yi shiru.

*

Sai bayan La'asar Inna ta dawo da shawara. A gidanta an riga an ɗora tukunya: agwagwa biyu, shinkafa, miyar lalo. Tiren Injiniya, na yau da Magariba.

"Tire zai saya mana daren yau kawai. Gobe fa? Ni dai na ce mu kashe shi."

"Inna?"

"Hatsari a hanyar Asyut. Yana sauri ya zo gaisuwa, Allah ya yi ikonsa. Hifni da kansa zai yi kuka."

"Sai in zauna takaba wata huɗu da kwana goma saboda hoton shago? Aikina ya jira ni? Kuma Baffa ya ce a kawo marayu ya shafa kansu, ki miƙa masa akwati?"

"To ya sake ki."

"Sakakkiya gidan wa take komawa?"

Inna ta yi tsaki.

"Akwai wani direba a Tahta," in ji Maman Shaima, "dogo ne, in aka sa masa gilashi..."

"Ya tsaya a layin gaisuwar uwata? Baƙon da bai taɓa ganin fuskarta ba?"

"To me kike so, 'yar nan?"

Nagat ta ɗauki waya ta kira Ashir. Shaima ta ɗauka, ƙarar kekuna na tashi a bayanta.

"Anti, kin isa? Ya haƙuri?"

"Shaima, ya Injiniya?"

Shaima ta rage murya.

"Anti... wallahi rantsuwa aka sa mu."

"Na sani. Baffa ya ce jibi zai zo da babanki."

"Wayyo Allah! Anti, don girman Allah ki yi wani abu. Saura min wata huɗu in gama koyon yanka. Kin ce za ki sa ni a teburin yanka. In na koma gida shi ke nan, ba zan sake fitowa ba. Ki ce yana asibiti, ki ce komai!"

"In na ce yana asibiti, Baffa zai zo dubiya."

"To ya za mu yi?"

Nagat ta kalli tanderun, ta kalli rigar mai hannu ɗaya.

"Ki koma kan kekenki. Kar ki bar layin ɗinki ya tsaya."

Ta kashe.

Rana ta yi ja a kan gonakin rake. Daga kowane gida maza suka fara fitowa da tire a ka, suna nufar mandara, zauren da mazan dangi ke zaman makoki. Muryar mai karatu na fita ta lasifika. Inna ta shigo da nata tiren, babba, an rufe da farin ƙyalle, ta ajiye tana neman wanda zai kai.

Nagat ta naɗa gammo da ɗankwalin uwarta. Ta sunkuya.

"Ke! Me za ki yi?"

"Tiren gidana ne. Ni zan kai."

"Mace a mandara? Tun da aka gina ta..."

"Ɗora min, Inna."

Maman Shaima ta kama gefen rigarta da hannu biyu.

"Nagat, 'yata. Ki tuna 'yata. Ba don ke kaɗai muka yi ba."

"Don ita zan je. Jibi za su iske ɗaki ɗaya da katifa huɗu, su ja ta a ƙasa a gaban maƙwabta kamar ɓarauniya. Gara su ji daga bakina, a tsaye, yau."

"In suka ƙi fa?"

Nagat ta zare rigarta daga hannun Maman Shaima a hankali. Ta cusa jallabiyar Karim a ƙirjinta, ta ɗaga tiren da kanta.

Layin bai fi taku ɗari ba. Masu tire suka dinga ja da baya suna ba ta hanya, ba don girmamawa ba, don mamaki. Ta hau matakala uku. Ta cire takalmi.

Maza sun fi sittin a kan bencina, rawuna fari fari. Mai karatu ya kai ƙarshen aya, ya buɗe ido, bai ɗauki ta gaba ba.

Ta sauke tiren a gaban Baffa Hifni.

"Assalamu alaikum."

Ba wanda ya amsa.

"Wace fitsara ce wannan?" in ji Baffa. "Tiren wa?"

"Na Nagat 'yar Wahiba."

"Mace ba ta da tire. Ina mijinki?"

Ta ciro 'yar jallabiyar ta shimfiɗa a kan farin ƙyallen.

"Ga Karim, Baffa. Iyakarsa ke nan. Babu Salma. Babu Rafa'at. Ba a taɓa yin sa ba. Uwata ce ta ƙirƙire shi don ku bar ni in ci halaliyata, ta mutu ba ta gan ni ba don kar ku sani."

Wani ya ce a'uzubillahi. Kofin shayi ya faɗi ya fashe.

Daga can ƙarshen benci wani siririn mutum ya miƙe. Abdurradi ne, uban Shaima.

"To 'yata... shekara uku... a gidan wa take kwana?"

"A gidana, Baba. Wanda ya kai ta asibiti, wanda ya tsare mata ƙofa, wanda kake sa wa albarka ranar Juma'a. Ga shi a gabanka. Ba shi da wani suna sai nawa."

Baffa Hifni ya tashi. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Sandar ta yi sama.

Nagat ba ta rufe ido ba.

Sai ga ƙarar faranti daga bakin ƙofa.

Inna Ni'ima ce, ƙafarta ɗaya ta riga ta tsallake dokin ƙofa. A bayanta Badriyya, Fauƙiyya, da sauran, kowace da tire a ka, baƙin mayafi bayan baƙin mayafi har matakala. Ta ƙarshensu Maman Shaima, tana kuka, amma tana tsaye.

"In duka ne, Hifni, fara da ni," in ji Inna. "Ni na yi masa gashin baki."